Takardar giyar da ban sha ba

Shekaru kaɗan da suka wuce aka tura mu, mu malamai ƴan ƙalilan daga Nijar, horo na wata guda a Besançon, gabashin Faransa, inda jami'ar garin take da cibiyar koyar da Faransanci ga baƙi. A daren ƙarshe masu masaukinmu suka kai mu wani gidan abinci. Aka miƙo mini takardu biyu, ta abinci da ta giyar inabi. Ni ban taɓa sha ba, kuma ba ranar zan fara ba. Amma malamin makaranta, in ka aje masa rubutu a gabansa, sai ya karanta.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ba suna da kuɗi kaɗai aka rubuta ba. Kowace kwalba tana da bayani na layi biyu ko uku: launinta, ƙamshinta, yadda take a baki, sannan abincin da ya dace da ita. Kusan duka daga yankin Jura suke, maƙwabcin garin. An ce wata fara tana da tsami mai kaifi, a haɗa ta da kifin kogi. Wata ja, daga inabin Poulsard, ba ta da nauyi, an haɗa ta da naman alade da aka yi wa hayaƙi. Wadda aka fi yabo ita ce rawaya, wadda suke kira vin jaune. An rubuta cewa tana ƙamshin noix, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa a baki, da ɗanyen tuffa da kayan yaji, kuma abokin tafiyarta shi ne cukun Comté.

Malamar da ke kusa da ni ta ga na daɗe a kan takardar, sai ta yi mini bayani. Daga inabi iri ɗaya ake yin ta, Savagnin. Ba a sayar da ita sai ta kai shekara 6 da wata 3, mafi yawan lokacin tana cikin gangar katako, ba a cike gurbin abin da ya ragu, har wata yana ta yis ta rufe samanta. Shi ya sa kwalbarta santilita 62 ce, wai abin da ke saura ke nan daga lita guda. Ta ƙara da cewa a Arbois, cikin wannan yanki, Louis Pasteur ya girma, kuma a 1866 ya buga bincikensa kan abin da ke lalata giyar inabi. Dumama abin sha don kashe ƙwayoyin cuta, wanda muke koya wa yara a darasin kimiyya game da madara, daga nan ya samo asali.

Karatun ya yi mini rana. Da na koma kan takardar abinci, na riga na zaɓi kaza da naman kaza, sai idona ya faɗa kan kalmomin nan biyu, vin jaune, a ƙarshen layin. Ashe da giyar ake yin romon. Na tambayi mai kawo abinci, ya tabbatar, ya ba ni shawarar gasasshen kifi da lemun tsami. Babu wanda ya yi mini kallon banza. Iyaye masu ƴaƴa a ƙasashen waje, ku gaya musu su karanta layin har ƙarshe, kuma tambaya ba abin kunya ba ce.

Ina cin kifina, na tambayi malamar mene ne wannan tanin da ake ta maimaitawa a bayanin jajayen kwalabe. Ta yi ta fama: abin da ke bushe baki, yana kama harshe, yana sa dasashi ya taƙure. Na ce mata mu kalma ɗaya muke da ita, bauri. Shi ne a goro, shi ne a shayin farko in ya yi ƙarfi, shi ne a bagaruwar da majema suke jima da ita. Ta ce saboda shi ake haɗa jar giya da nama mai kitse, don kitsen yana kwantar da shi, kamar yadda tsami yake yanke maiƙo. Nan na gane cewa wannan ilimi ba baƙo ba ne a gare ni. Mai tsire da ke zuba albasa da yaji ya san shi. Haka makiyayin Abalak da ke cin busasshen cuku da shayi, da uwata da ba ta ba ka ƙosai sai da koko mai tsami. Su dai sun rubuta nasu, suna kuma koyar da shi. Tun 1990 Faransa take da makon ɗanɗano a watan Oktoba, inda masu dafa abinci ke shiga azuzuwan firamare suna koya wa yara sunayen abin da harshensu yake ji.

Da na dawo gida na gwada a ajina. Na kawo tsamiya, dabino, goro, soyayyar gyaɗa, barkono da ganyen dogon yaro. Na ce kowa ya ɗanɗana, ya faɗi abin da ya ji, amma an hana cewa “da daɗi” ko “ba daɗi”. Aji ya yi tsit. Zaƙi da ɗaci da tsami da yaji suka fito da sauri. Da aka zo kan goro sai suka ce ɗaci, suka tsaya. Wata yarinya da kakarta ke riƙo ce ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, bauri gare shi.” Ita ce kuma ta kawo garɗi a kan gyaɗa. Lami, ƙauri, ƙarni, maƙaƙi, sai da na yi ta jawo su ɗaya bayan ɗaya.

Abin ya dame ni, don yaran nan su ne muke ɗora wa laifin rubutu maras armashi. Muna ce musu su siffanta kasuwar garinsu da Faransanci, alhali ko da Hausa ba mu ba su kalmomin ba. Tun a makarantar horon malamai aka koya mana cewa daga abin da yaro ya sani ake farawa. Na haddace wannan don jarrabawa, amma na yi shekaru ina koyarwa ban taɓa tunanin tukunyar gidansu tana cikin abin da ya sani ba.

Yanzu kowace shekara nakan ware awa guda don wannan darasi, kuma kuɗinsa bai kai jika ba. A gida ma, in an aje tuwo da miyar kuka, nakan tambayi ƴaƴana me man shanu ya ƙara mata, me daddawa ta kawo. Ku ma ku gwada yau da dare. In yaro ya ce da daɗi, ku ce masa wane irin daɗi, ku jira amsa.