Eriyar Rediyon Baba

Shekara uku ke nan maiɗakina ba ta jefar da murfin man goge baki sai ta tambaye ni. Ba wai tana goyon bayan abin da nake yi ba ne, gajiya ta yi da ganina tsugune gaban kwandon shara da tocila a hannu.

Ƙananan kumbuna nake haɗawa, irin waɗanda ake ajiyewa a kan teburi. A Turai akwai shagunan da ke sayar da kayan a kwali, sai dai ka manna kawai. Mu nan Damagaram, kuɗin aiko da kwalin kaɗai ya isa ya sa maigida ya yi istigfari. Don haka shagona shi ne Kasuwar Dole, da bola, da aljihun ƴaƴana.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Eagle, ɓangaren kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata ranar 20 ga Yulin 1969. Tsayinsa kusan mita 7 ne. Na rage shi sau 48, ya dawo santimita 15 ba kaɗan. Wannan lissafi shi ne alƙalin komai. Tsinken ashana da kake rainawa, in ka ninka kaurinsa sau 48 ya zama gungume, ba zai yi matakalar da mutum zai taka ba. Sai da na koma ga tsinken tsintsiya. Tafin ƙafafun kumbon, masu kama da faranti, maɓallan wata tsohuwar kwat ne. Ƙananan injinansa 16 na juya akala kuwa bakin alƙalamin bik ne, ɗalibaina suka tara mini su cikin mako biyu.

Rigar nan mai ruwan zinari da ke lulluɓe da gindinsa ta sa na yi abin kunya. Takardar cikin kwalin sigari ce kaɗai ta dace, na dinga bin masu tebur ina roƙo, har wani dattijon unguwarmu ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan taba. Da farko guge takardar nake yi da bayan cokali ta yi sumul. Daga baya na karanta cewa ta gaskiyar ba zinari ba ce, ledoji ne marasa kauri da aka shafa wa alminiyam, kuma da hannu aka cukuikuye su da gangan, don kada su manne da juna zafi ya ratsa. Ashe wahalar banza nake sha. Na dunƙule tawa a tafin hannu, na warware, sai ga ta ta fi kama.

Saura ƙafafu huɗu. Na ainihin bututu ne cikin bututu, yadda in kumbon ya dira za su ɗan shige juna su shanye bugun. Na gwada tsinken tsire, na gwada wayar keke, duk suka fito kamar ƙafar kaza. Abu ɗaya na sani mai bututu cikin bututu da wannan sirantaka: eriyar rediyo. Wata guda ina zagaya masu gyara, wadda na samu duk ta lanƙwashe ko ta yi kauri.

Akwai wadda ta dace, na kuma san inda take. Rediyon Baba na kan kabad ɗin Inna tun rasuwarsa, an rufe shi da ƙyalle. Ya daɗe da daina magana. A cikinsa Baba yake jin BBC da asuba, kuma daga bakinsa na fara jin kalmar kumbo, in yana ba mu labarin waƙar da Shata ya yi wa Apollo.

Ban tambaye ta ba. Ranar wata Juma'a ta tafi gidan suna, na kwance eriyar, na mayar da ƙyallen yadda yake. Da dare na yanka ta da zarto. Sai da na raba ta huɗu sannan hannuna ya fara rawa.

Kwana tara ina zuwa gaishe ta ina kauce wa kallon kabad. A na goma na ɗauki kumbon na kai mata, na durƙusa na faɗi abin da na yi. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta karɓa, ta juya shi, ta bi ƙafa ɗaya da ɗan yatsa har inda wata ƴar lotsawa take, wurin da Baba yake kamawa in zai ja ta.

"Tun ranar na gani," in ji ta. "Kullum da safe nake goge shi."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta miƙe ta ɗora kumbon a kan rediyon, ta ja ƙyallen ta rufe su tare.

"Wannan ya zauna nan. Kai, tashi ka je, abincinka na hucewa."