Sarauniyar da Ba Ta Tsufa

Mai tara tsofaffin kuɗi a ƙasar Adar ba shi da kantin da zai nufa. Akwai wani tsohon malamin makaranta a Buza da wannan sha'awa ta kama. Farautarsa a maƙera take, da rumfunan ƴan koli na Madawa da Keita, abokiyar tserensa kuwa wuta ce. Duk azurfar da maƙeri ya riga shi gani, gobe ta zama zobe ko munduwa.

Da littattafan kuɗin Rumawa ya fara. Can abin da sauƙi: dinariyus na azurfa, wanda aka soma bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin sarakuna kowane sarki kansa yake sa masa, fuska da laƙabi su faɗi zamani. Sunan nan ne ma ya biyo ta dinarin Larabawa ya iso Hausa a matsayin zinariya.

Abin da ƙasarsa ta ba shi dabam ne, wato dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya: giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. A Kano, cikin 1851, Barth ya tarar ana canza ta wuri 2,500. Kusan kowacce 1780 ke rubuce a jikinta, shekarar rasuwar sarauniyar, domin fatake sun ƙi karɓar wadda aka sauya wa kama. Sai aka yi ta buga ta yadda take a Biyana, daga 1935 kuma har a Rum, Landan, Paris da Bombay.

Dillali kan nuna 1780 ya tsawwala farashi. Malam ba ya musu da shi, yakan juya ta ne kawai ya duba inda ta goge da inda aka huda ta. Masu tarawa a Turai suna ɗaukar huji lahani mai karya daraja, kuma a nan sun yi hasara: dalar da ta shekara hamsin a wuyan mace, har gashin sarauniya ya shafe, ta fi sabuwa fil labari.

Yakan kai su aji idan an gayyace shi. Yaran da ke kiran faran ɗari dala ashirin kullum safiya, ranar ce suke fara riƙe dala a tafin hannu su ji nauyinta.