Neman Gidan Haya a Potiskum da Kuɗin Gida a Hannu

Wanda ya sayi gidan kawuna ya yi masa kara, ya bar shi a ciki bayan an gama biya, amma ya kafa sharaɗi: kafin a ga watan azumi yana son makullansa. Ana cikin Fabrairun 2024 ke nan, azumi saura 'yan makonni, Kawu kuwa bai san inda zai zuba iyalinsa ba, mata biyu, yara gida guda, ga kuma kakata da ba ta taɓa kwana a gidan haya ba tun da aka haife ta. Mahaifiyata ce ta tashe ni daga Kano. Ta ce, "Je ka taya ɗan'uwana, ku da kuka iya takarda, kada a cuce shi."

Muka bi ta Wudil, muka wuce Shuwarin da Kiyawa da Jama'are, muka ɗan tsaya a Azare direba ya sha mai. Tun 2006 aka ba da kwangilar tagwaita wannan hanya ta Kano zuwa Maiduguri, kuma a cikin mota har yanzu ba a rasa mai yi mata tsiya. Hazo bai gama janyewa ba. Kafin ka ga gidajen Potiskum za ka fara ganin tireloli jere a gefen titi, wasu an ɗaga musu kai ana gyara, yaran mota suna barci a ƙarƙashinsu. Garin na manyan motoci ne da hatsi da shanu, kuma duk wanda ka tambaya sana'arsa, da wuya a ce bai rataya da ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Kawu mutumin kara ne. Shekara da shekaru yana sayen shanu ran Laraba yana lodawa zuwa kudu. Canjin kuɗin farkon 2023 ya fara karya shi, domin Bafulatanin da ya koro dabbarsa daga ruga ba ya karɓar tiransifa, takardar kuɗi kuwa ta ɓace. Yana cikin farfaɗowa aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, kuɗin mota ya tashi, bashi ya hau kansa. Lissafin da ya yi mai kyau ne a baki: a sayar da babban gidan Dogo Tebo, a biya bashi, a ware jari, a sayi fuloti a bayan gari a gina ƙarami. Ya sayar a ƙarshen shekara lokacin da buhun siminti bai wuce naira dubu 5 da 'yan kai ba. Kafin ya haƙa harsashi, buhu ya haura dubu 10 a wurare da yawa, dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage. Fulotin dai ya saya. Ginin ne ya gagara, sai haya.

Washegari da hantsi muka sami dillalai a inuwar da suke zama, benci biyu da tabarma. Tun kafin mu gama gaisawa ɗaya daga cikinsu ya miƙe yana dariya, ya kama hannun Kawu da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ai mun ji labari. Allah ya sa an sayar a sa'a." Kawu ya amsa da amin, fuskarsa ba yabo ba fallasa. A garin da kowa ya san kowa, cinikin gida ba ya ɓoyuwa. Shaidu sun sa hannu, mai unguwa ya sani, dillalan da suka ci la'adar sayarwa abokan waɗannan ne, har adadin kuɗin suna iya faɗa maka.

Ka'idarsu ba ta da tsawo. Akwai kuɗin gani, wanda za ka bayar kafin a taka ƙafa, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. Kuɗin Keke Napep naka ne. In an daidaita, la'ada kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Ban ga laifin wannan ba, aiki suke yi, kuma su suka san gidan da za a tashi cikinsa wata mai zuwa tun kafin mai gidan ya faɗa wa matarsa. Abin da ya tsaya mini shi ne farashi. Wani gida da muka gani a wajen Tudun Wada, da yamma na koma ni kaɗai ta hannun wani dillalin, na ce ni ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano. Kuɗin da aka yanka mini bai kai wanda aka yanka wa Kawu da safe ba, kuma ratar ba ƙarama ba ce. Da na gaya masa, sai ya ce, "Ɗan nan, ƙanshin kuɗin suke ji. Ba su san bashi ya cinye rabi ba."

Masu gidaje kuwa akasin haka suke kallonsa. Na fara ganin wannan a soron wani dattijo mai gidaje da dama. Ya sa aka kawo mana ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya shiga tambaya. Mata nawa? Yara nawa, manyan maza nawa a ciki? Akwai dabbobi? Duk Kawu ya amsa. Sai dattijon ya gyara zama ya ce, "Alhaji, kada ka ji haushina. Me ya raba ka da gidanka?" A wurinsa, mutumin da ya kai ga sayar da muhallinsa ya riga ya karye. Bana zai biya da sauran kuɗin gida, baɗi fa? Don haka ya ce shi sai dai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Dillali yana ganin Kawu attajiri ne ya tsuga masa, mai gida yana ganin matsiyaci ne ya nemi ya kama nasa tun da wuri, kuma dukansu aljihu ɗaya suke nufa. Malamin makaranta mai albashi, wanda bai taɓa mallakar ko ɗaki ba, ya fi shi sauƙin samun gida, domin shi an san ƙarshen wata zai zo.

Tambayoyin nan ba duka na kuɗi ba ne, kuma wanda ya san abin da garin ya gani ba zai yi mamaki ba. Potiskum ta daɗe tana karɓar baƙi. Tun 1924 da aka dawo da fadar Fika nan, garin Ngizim da Karai-Karai da Bolewa ya yi ta cika da Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen kudu. Da aka ƙirƙiro Yobe a 1991 Damaturu ce ta samu hedikwata, amma jama'a da kasuwa suna nan, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 205,876. Sai shekarun tashin hankali suka zo. A watan Mayun 2012 aka kai hari kasuwar shanu aka kashe mutane da dama, a Nuwamban 2014 bam ya tashi cikin ɗalibai a makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati. Wani tsohon dillali ya ce mini a lokacin nan gida ba ya da daraja, mutane na kulle ƙofa su gudu, wasu su sayar a wulaƙance. Da ƙura ta lafa, masu gudu suka dawo, ga kuma waɗanda suka baro Gujba da Gulani da ƙauyukan Borno, da yawansu ba su koma ba. Daga nan haya ta yi tsada, daga nan kuma mai gida ya koyi cewa ba a ba baƙo makulli sai mai unguwa ya san da shi, sai wani sananne ya tsaya masa. Kawu kansa ya sha tsaya wa mutane a Dogo Tebo. Yanzu a wata unguwar, shi ake cewa ya kawo wanda zai yi masa shaida. Ya kawo, limamin masallacinsu ne ya biyo mu, amma a hanyar komawa Kawu bai yi magana ba har muka isa.

Gidajen da muka gani, yawancinsu kallo ɗaya ya ishe su. Kusa da kasuwa gidajen yawa ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, makewayi ɗaya, direbobi da 'yan dako na shiga da fita har tsakar dare, ba wurin matan aure ba ne. Wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya masu gidaje sun yanyanka su ɗaki-ɗaki saboda ɗalibai, don sun gano ya fi kawo kuɗi. A can gefen Nahuta mun ga sabon gini mai kyau, bulo da siminti, amma ba rijiya, ba a jawo wuta ba, sai ka dogara da 'yan garuwa, kuma mai iyali kamar na Kawu kuɗin ruwansa na wata zai iya kamo kuɗin haya. Wani kuma an yi masa sabon fenti, sai dai a bayan ɗakin girki, inda mai fenti bai kai ba, ga layin da ruwan damina ya bari a bango ya kai gwiwa. Da rani ake yaudarar mai neman gida. Wanda ke da hali ya zo a watan Agusta ya gani da idonsa.

Inda na fi koyon abu shi ne ranar da muka tafi da matan. Mun sami wani gida na zamani da ni da Kawu muka yaba, tayil har bango, silin mai ado, falo babba. Uwargida ta zaga sau ɗaya ta fito. Ta ce, "Alhaji, wa za ka ba babban ɗakin?" Sai a lokacin na lura. Ɗaki ɗaya ne babba mai banɗaki a ciki, sauran biyun ƙanana ne, banɗakinsu a waje. An zana gidan don mai mace ɗaya, irin zanen da ake kwafowa daga Abuja. Mai mata biyu in ya shiga, ya sayi rigima da kuɗinsa, domin adalcin da addini ya ɗora masa yana farawa daga muhalli. Ba tsakar gida da za a yi shanya ko a kafa murhu, ɗakin girkin na mai gas ne, ba soro da baƙo namiji zai tsaya, ƙofar waje tana buɗewa kai tsaye cikin falo. Amarya ta goyi bayan uwargida, abin da Kawu ya ce bai saba gani ba. Kakata kuwa tambayarta ɗaya ce tun daga bakin ƙofa, ina za a ɗaure awakinta. A ganina magina da masu zuba kuɗi a gidajen haya na garin nan suna gina wa ma'aikacin banki ne, alhali masu neman gidan 'yan kara ne da 'yan kasuwar hatsi.

Na tambayi wani ma'aikacin gwamnati batun rukunin gidajen da gwamnatin Mai Mala Buni ta gina a manyan garuruwan jihar. Ya yi dariya ya ce in Kawu yana da watanni da haƙurin bin layi, ya gwada. Azumi ba zai jira ba.

A ƙarshe ba dillali ne ya samo gidan ba. Wata maƙwabciya ce ta ji a gidan suna cewa akwai wani tsohon gida a Tandari da masu shi suka koma Damaturu. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, soro, tsakar gida mai faɗi da bishiyar darbejiya, rijiya, ɗakuna ciki da falo guda biyu masu girma ɗaya, da wani ɗaki a gefe da ya dace da tsohuwa. Kwanon ya tsufa, masai ya kusa cika. Matan suka ce ya yi. Duk da haka sai da wani dillali ya ɓullo ya ce ai gidan a hannunsa yake, aka ba shi wani abu don a zauna lafiya.

Kawu ne ya yi tambayar da ni ban yi tunaninta ba. Ya dubi wanda ya zo da makulli ya ce, "Gidan naka ne, ko na gado ne?" Na gado ne, ba a raba ba, magada bakwai. Wanda ya sayar da gida ya san yadda ake sayarwa: ran da ɗaya daga cikin magada ya matsu, gidan zai shiga kasuwa, mai saye kuma zai zo da nasa wa'adin. Nan aikina ya zo. Na zauna na rubuta yarjejeniya da Hausa, muka sa a ciki cewa ko an sayar da gidan, mai saye zai bar ɗan haya ya cinye kuɗinsa, kuma ba tashi sai da notis na wata shida kamar yadda aka saba yi wa mai biyan shekara-shekara. Muka rubuta cewa bashin wutar da na baya ya bari ba na Kawu ba ne, kuɗin yashe masai da canjin kwano za a cire daga haya. Babban magajin ya so ya ƙi, ya ce ai magana ta isa tsakanin Musulmi. Limam ya tuna masa cewa rubuta bashi umarni ne na Alƙur'ani, sai magajin ya karɓi biro. Kawu ya dage sai magada uku aƙalla sun sa hannu, aka aika takardar Damaturu a mota ta dawo, sannan mai unguwa ya buga hatiminsa.

Shekara ɗaya ya biya, ba biyu ba. Sauran kuɗin ya raba, kashi ya koma kara da shi, kashi ya ba mai buga bulo tun kafin farashi ya sake motsawa, aka fara jibge su a fulotin. An kwashe kaya a motar wani abokinsa da ta dawo daga kudu ba lodi, aka wanke kashin shanun aka shimfiɗa tamfol. Gadon ƙarfen kakata bai shiga ƙofar ɗakinta ba sai da aka kira mai walda ya raba shi biyu ya sake haɗawa a ciki, kuɗin aikin kuma Kawu ya ce in rubuta a bayan takardar, a cire daga hayar baɗi.