Zamanin Chanis a Gidan Kallo

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Potiskum tsakanin shekarun 1980 da farkon 1990 ya san daɗin gidan kallo. Ɗaki ne guda, ga benci a jere, talabijin a kan tebur, janareta na ta ruri a baya. Mukan tara 'yan kwabbanmu mu biya, mu cunkushe a gaba, gwiwa na gugar gwiwa. Ranar da mai gidan ya ce yau Chanis za a saka, to ba masaka tsinke.

Ba ma jin yarensu, amma mun san ɗan wasa, mun san bos. Bruce Lee ya rasu tun 1973, shekarar da Enter the Dragon ya fito, amma mu a wurinmu yana nan da ransa. Ga Jackie Chan a Drunken Master na 1978, ga Jet Li a Shaolin Temple na 1982. Da an tashi kallo sai mu sari sanda gida biyu, mu haɗa da igiya, mu yi ta wulwulawa har ta ƙwale mana ƙeya, mu sosa mu ci gaba. Yayyenmu kuwa Rocky na 1976 ne ya tafi da su. Sukan cika buhu da yashi su rataye a reshen darbejiya, su yi ta naushi har magariba. Ta wannan hanya damben Turawa ya shigo unguwarmu.

Alhali garinmu garin kasuwar shanu ne, mahauta ko'ina, kuma dambe gadon mahauta ne. In kalangu ya ɗauka, ɗan dambe ya naɗe hannu da zare ya shigo fage yana kirari, sai tsigar jikinka ta tashi. Mun sha jin makaɗi Ɗan Anace yana wasa ɗan dambe Shago a rediyo, amma ba mu taɓa ganin labarin Shago a fim ba, yaro kuwa abin da ya gani shi yake kwaikwayo.

Ina kewar wancan zamanin ƙwarai, kuma ya koya mini cewa fim na iya ɗaga wasa ya kai shi duniya. Mutanen Tailan sun yi wa nasu damben haka da Ong-Bak a 2003. Masu shirya finafinai na Kannywood, ga makaɗa, ga fage, ga mazaje. Ku yi mana fim ɗin dambe na gaske, domin 'ya'yanmu su tashi da jaruman gida.