Ina Nokia Take a Yau?

Jama'a, wata sabuwar magana ta shigo ɗakunan kwananmu na ɗalibai, wato sayen hannun jari a manyan kamfanonin fasaha na Amurka ta wayar hannu. Wasu abokaina har tsakurar kuɗin abincinsu suke yi su zuba a Apple ko Nvidia, hujjarsu kuwa wai giwa ta wuce kaye. Ni dai Hausa nake karantawa, ba ilmin tattalin arziki ba, amma na ga faɗuwar wata giwa da idona, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Sa'ad da nake yaro, in an ce waya a gidanmu, to, Nokia ake nufi. Mahaifina yana da ita, kawuna yana da ita, da fitilarta ma muke neman takalma in an ɗauke wuta. A shekarar 2007, kusan waya 4 cikin kowace 10 da aka sayar a duniya ta wannan kamfani na ƙasar Finlan ce. A shekarar nan Apple ya fito da iPhone, a 2008 kuma wayoyin Android suka shigo kasuwa. Nokia ya yi ta riƙon tsohuwar manhajarsa, kafin ya farga masu saye sun watse. Hannun jarinsa da ya haura Yuro 60 a 2000 ya faɗo ƙasa da Yuro 2 a 2012, a 2013 kuma ya yarda ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa.

Haka ta faru ga Kodak. Injiniyansa ne ya ƙirƙiro kyamarar da ba ta bukatar fim a 1975, amma da yake a fim ribarsa take, sai ya yi sanyin jiki. A 2012 ya shiga kotu neman kariya saboda bashi. Kun ga ke nan, abin da ke ciyar da babban kamfani shi ne yakan ɗaure masa ƙafa in zamani ya juya.

Manyan yau ma ba su tsira ba. A Agustan 2024 wani alƙali a Amurka ya yanke cewa Google ya karya doka wajen babakeren bincike a intanet. Ran 27 ga Janairun 2025, labarin wata manhajar Sin mai suna DeepSeek ya sa darajar Nvidia ta ragu da kusan dala biliyan 590 a yini guda. Gaskiya ne ta farfaɗo daga baya, kuma Microsoft da aka kafa tun 1975 yana nan daram. Sai dai wanda ya zuba kuɗin makaranta ba shi da halin jiran farfaɗowa.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kafin ka saya, tambayi kanka: me zai sa mutane su daina bukatar abin da kamfanin nan ke sayarwa? Kada ka zuba sai abin da za ka iya jure rashinsa, kada kuma ka tara shi wuri guda. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Allah Ya sa mu dace, amin.