Kamfanin da na raba gida uku

Wani Alhaji dillalin siminti a Kano ya ba ni aikin haɗa masa manhajar lissafin masu saye. Lokacin ina ji da kaina, ko tambayarsa su wa yake sayar wa kaya ban yi ba. Na buɗe MySQL na tsara teburi guda: gurbin suna, gurbin sunan mahaifi, kuma dole a cike duka biyun kafin manhajar ta adana komai. Har yaba wa kaina na yi da wannan tsauri.

Ashe manyan masu ɗaukar siminti bashi kamfanonin gini ne, kamfani kuwa ba shi da uba. Yaron shago ya ga "Wane da 'Ya'yansa Nigeria Limited", ya sa "Wane" a gurbin farko, ya cusa sauran a na biyu. Abokin aikinsa ya nema bai gani ba, ya sake shigarwa, ya cike gurbin uba da ɗigo. Wata rana kuma aka rubuta sunan direban da ya zo ɗaukar kaya.

Sai ranar da Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, nawa muke bin kamfanin nan?" Na danna, adadi ya fito. Ya jawo tsohon littafinsa ya girgiza kai. Nan take na fara yi wa yaran faɗa kan sakaci. Ɗaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, to wa zan rubuta a uban kamfani?"

Na buɗe baki, babu amsa. Na jero bayanan, ga kamfani ɗaya a layi uku, kowane layi bai kai iyakar bashin da Alhaji ya yanka ba, amma in ka haɗa su sun zarce ta nesa ba kusa ba. Jikina ya yi sanyi. Yaran ba su karya doka ba. Dokar da na kafa ce ta tilasta musu ƙirƙira.

Na sake ginin daga tushe. Teburi ɗaya na mai saye, da lambarsa da nau'insa. Na mutane daban. Na kamfanoni daban, da cikakken suna a gurbi guda da lambar rajista ta hukumar CAC wadda ba za ta shiga sau biyu ba. Direbobi da manajoji suka koma teburin wakilai. Haɗe layukan da suka tarwatse kuwa da hannu na yi shi, da littafin Alhaji a gefena, ban kuma karɓi ko sisi ba.