Yadda Na Gina wa Tanka Fili

A Ingila da waɗansu ƙasashe akwai wani wasa da manya da yara su ke yi da 'yan sojoji da motocin yaƙi na roba. Su kan jera su bisa tebur, su riƙa motsa su bisa ƙa'ida, kamar yadda mu ke yi da dara. Tun a 1913 wani marubuci mai suna H. G. Wells ya buga littafin dokokin irin wannan wasa. Ni ma ina da 'yar tanka guda ta wasan, irin wadda a ke kira Sherman. Amma tanka bisa tebur fayau ba ta da kyan gani, sai ka ce kifi a tudu. Saboda haka na ƙudura in gina mata fili.

Kafin in taɓa laka sai da na tsaya na yi tunani, wane fili ne ya dace da ita? Sherman ƙirar Amurka ce, nauyinta wajen tan 30, mutum 5 ke shiga cikinta. Babban yaƙin da ta fara shiga shi ne na El Alamen a ƙasar Masar, wajen mil 60 yamma da Iskandariya, inda rundunar Ingila ta kara da ta Jamus da Italiya cikin watan Oktoba 1942. To, nan na zaɓa. Wanda ya ji an ce hamada ya kan zaci tudun rairayi ne ko'ina. Galibin filin nan kuwa faƙo ne, mai duwatsu da tsakuwa da 'yan ƙayoyi jefi-jefi.

Yanzu ku saurara, gama lissafi ya shigo. An ƙera 'yar tankata kashi 1 cikin 72 na girman ta gaske. Watau mutum mai tsawon ƙafa 6, inci 72 ke nan, zai koma inci 1 tak. Tankar gaske ƙafa 19 ce, tawa inci 3 da ɗan ɗoriya. Duk abin da zan ajiye kusa da ita tilas ya ƙanƙance haka nan. Tsakuwa kamar ƙwayar gero, in ta zauna gindin tankar, ta zama dutse kamar kan yaro. Yashin rafi kuwa, kowace ƙwaya ta zama kamar lemo. Ina soja ya taɓa tafiya bisa filin lemo? Don haka na tankaɗe ƙasa da rariya, na kuma tace ta da ƙyalle, har ta yi laushi kamar gari.

Na sami guntun katako, tsawonsa inci 8, faɗinsa 6, na karce shi da wuƙa domin laka ta kama. Na shafa laka, gefe ɗaya da ɗan tudu. Tun tana ɗanya na danna sarƙar tankar a kai, na fitar da sawu biyu. Ku lura, a bayanta kaɗai sawun ya ke, gama gabanta ba ta taka ba tukuna. Na shanya a inuwa, don rana ta kan fasa laka. Da ta bushe na jiƙa ƙaro na shafa, na barbaɗa garin ƙasar, na dasa 'yan tsakuwa. Zaren tsohon buhu ya zama ƙaya.

Tankar kanta ta yi tsabta da yawa. Motar da ta kwana cikin ƙura ba ta sheƙi, sai na goga mata garin da gashin kaza, musamman wajen sarƙa.

Abin da na fi so duk cikin aikin shi ne ƙarami. Sojojin Ingila a hamada su kan yanke garwar fetur biyu, su cika rabi da rairayi, su zuba masa fetur, su kunna, su dafa shayi a kai. Ruwa kuwa da awo a ke ba su. Na sassaƙa garwa daga guntun itace, girmanta kamar ƙwayar dawa, na shafa mata gawayi. Na ajiye ta gefen tankar wajen inuwa, gama nan ne mutum biyar ɗin za su so su tsuguna.